Muhawara: Shin Tsananin Gida ne Ke Kora Yara Cikin Waya?

Uwar yaro: Assalamu alaikum, iyaye. Na daɗe ina haɗiye wannan magana, yau dai ta fi ƙarfina. Ɗana na fari shekararsa 13, kuma wata huɗu ke nan ba ya runtsawa sai bayan ƙarfe biyu na dare, yana ƙudundune cikin bargo da waya, da safe kuma ya ce ƙirjinsa na bugawa ko cikinsa na murɗawa, ba zai iya zuwa makaranta ba. Mahaifinsa mutum ne mai zafi, ba ya magana sau biyu sai dorina, ni kuma kunyar ɗan fari ta hana ni zaunar da shi mu yi hira. A ganina tsoro ne ya kora shi cikin wayar, domin can ne kaɗai ba a daka masa tsawa, har ta zame masa maye. Ko akwai wadda ta ga irin haka a gidanta?

Alhaji: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a, amma ki janye kalmar maye. Maye na mashaya ne, masu kodin da sholisho, kuma bakin uwa kaifi gare shi a kan ɗanta. Wannan sangarta ce kawai.

Inna: Ni da na karanta maye sai da gabana ya faɗi, na zaci maita kike nufi. 'Yata, a riƙa tauna magana kafin a rubuta ta.

Malamin Hausa: Inna, laifin rubutu ne da ba ya nuna karin sauti, amma ko a ma'anar da take nufi kalmar ba ta zauna ba. Maye gushewar hankali ne bayan an sha wani abu, shi kuwa wanda ya kasa rabuwa da abu alhali yana cikin hayyacinsa, kamar mai goro ko mai caca, jaraba ake cewa tana damunsa.

Ma'aikaciyar jinya: Baba Alhaji, ina neman afuwa, abin ya wuce sangarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin waya da kwamfuta cikin kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a 2022, kuma alamunta su ne yaro ya kasa dainawa, ya fifita wasan a kan barci da karatu, ya ci gaba duk da yana ganin illar, galibi na tsawon wata 12. Wata huɗu bai isa a yanke hukunci ba, amma bugun ƙirji da ciwon ciki a lokacin tafiya makaranta alamun fargaba ne da ya kamata likita ya duba.

Alhaji: 'Yata, ku komai sai kun mai da shi cuta. Mu da dorina aka raine mu, ga mu nan da hankalinmu. Hadisi ma ya ce a umarci yaro da salla yana da bakwai, a doke shi a kanta yana da goma.

Malamar Islamiyya: Alhaji, hadisin a kan salla yake, kuma tsakanin bakwai da goma akwai shekara uku ta koyarwa da lallashi waɗanda iyaye maza suke tsallakewa. Me ya sa ba a kawo na Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce masa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba?

Wani uba: Malama, kullum laifin na maza ne. Wa ke miƙa wa jariri waya don ya yi shiru a gama girki ko a gama kallon fim? Hukumar da aka ambata ɗazu ta ce a 2019 kada yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ya zauna kallon allon waya ko talabijin, ɗan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Malamar Islamiyya: Wa kuma ke zama a majalisa har ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ya dawo yana latsa tasa wayar, bai san ajin da ɗansa yake ba?

Wani uba: Nema muke fita yi, kuma kuɗin data ɗin da ake ƙonawa daga aljihunmu yake fita.

Malamin Hausa: Ina nan a kan bakana, domin idan aka saba kiran jaraba maye, gobe sai a rasa sunan da za a kira mayen gaske.

Shugaban zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. An yi ittifaƙi cewa kalmar maye ba ta dace da yaro ba, kuma mun gode wa Alhaji da ya fara ankarar da mu. An kuma nuna cewa sakacin iyaye mata wajen miƙa wa yara waya tun suna goye shi ne tushen matsalar, saboda haka a ƙwace wayar, a tsaya a kan tarbiyyar da muka gada.

Uwar yaro: Ranka ya daɗe, na janye kalmar. Amma an ƙwace wayar sau uku, na ƙarshen ma mahaifinsa fasa ta ya yi a gabansa, sai ya koma aron ta abokansa, bugun ƙirjin kuma ya ƙaru. Jiya da ya ji ƙarar mashin ɗin babansa a ƙofar gida, kofin shayin da ke hannunsa sai da ya suɓuce.