Kofin tunawa ko rijiyar burtsatse? Shawara nake nema kan marigayi kawuna

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Watan gobe kawuna, ƙanin mahaifiyata, zai cika shekara da rasuwa. Tsohon ɗan ƙwallo ne, lamba tara ya buga wa kulob ɗin unguwarsu zamanin da kulob ɗin Raccah Rovers na Kano ke tashe, wajajen 1978 da suka ci lig. Gwiwa ce ta raba shi da fili, ya koma Kantin Kwari, daga tebur har ya kai shago uku na shadda da atamfa. Mu yaransa na shago, mu bakwai, mun haɗa naira miliyan 2. Daga aljihunmu ne, gado an raba tuntuni. Huɗu na son a sa kofi da sunansa, ƙungiya takwas ta yara 'yan ƙasa da shekara 15, don har ya kwanta ciwo kullum bayan la'asar yana bakin fili da kujerarsa ta roba. Uku sun ce a haƙa burtsatse a layinsu. Wanda ya taɓa yin ɗaya a ciki, nawa ya kashe, kuma me ya biyo baya?

Abu Hanan: Allah ya jiƙansa. Amma ku ji tsoron Allah, kada ku taɓa dukiyar marayu don wasan ƙwallo. A fara raba gado tukuna.

Ɗan Fagge: Malam, ai na faɗa a sama, kuɗinmu ne. Autansa ma yana da 'ya'ya biyu.

Baban Ummi: Ɗan'uwa, ni na sa kofi don mahaifina a nan Kaduna, kuma ko kyauta aka ba ni kuɗin ba zan sake ba. Ƙungiya goma sha shida muka tara. Satin farko lafiya lau. Mun ce 'yan ƙasa da 17, sai ga wani kulob ya kawo ƙato mai gemu, wai ɗan aji uku ne a sakandare, alhali na san shi yana tuƙa Keke Napep, har da mata. A wasan kusa da na ƙarshe rafali ya busa fenareti saura minti biyu a tashi. Kafin ka ce kwabo an cika fili, an fasa masa baki, sai a shagon wani mai wanki muka ɓoye shi. Na kwana biyu ina zarya ofishin 'yan sanda, ni da na sa kofi ni ne na koma mai laifi. Abin da ya fi ƙona min rai ranar wasan ƙarshe ne. Wani mai neman kansila ya ba mu buhun fiya wata ashirin, da na iso sai na tarar da ƙaton allo, hotonsa ya cika shi, sunan mahaifina can ƙasa kamar lambar waya. Mahaifiyata da aka kawo ta miƙa kofi ko kujera ba ta samu ba. Dubu 900 na kashe, har yau kofin yana gidan wani koci, ya ƙi dawo da shi.

Sarkin Zolaya: Baban Ummi, mai gemun nan ya ci ƙwallo kuwa? In yana ci a turo mana shi Man U, muna cikin wani hali.

Koci Ɗan Gwammaja: Dubu 900? An cuce ka ne kawai. Bara na shirya na ƙungiya takwas da dubu 350, har da jesi saiti biyu da ƙwallo huɗu. Kowace ƙungiya ta biya kuɗin rajista, shi ya ɗauki nauyin alƙalan wasa.

Baban Ummi: Bara ta wace shekarar? Jesi saiti ɗaya mai lamba yanzu nawa ne?

Maman Khalifa: Ku yi burtsatse. Mu a layinmu jarka ɗaya ta kai naira 150 lokacin zafi. Mun haƙa wa mahaifiyarmu, miliyan 1 da dubu 800 da tanki da sumo. Duk wanda ya ɗiba sai ya ce Allah ya kai ladan kabarinta. Kofi fa, wa zai yi masa addu'a, wanda aka ci ko wanda ya ci?

Injiniya: Hajiya, wannan farashin ba da sola ba ne. Da sola ku tanadi miliyan 4, in aka ci karo da dutse ya wuce haka. In kuma janareta ne, wa zai riƙa sayen mai? Burtsatse nawa ke tsaye a unguwanni saboda sumo ya ƙone ba mai gyarawa?

Koci Ɗan Gwammaja: Da girmamawa Hajiya, maganar ƙwallo a bar wa waɗanda suka taka leda.

Maman Khalifa: To Koci, maganar ruwa kuma a bar wa masu tashi da asuba neman mai kura. Shekara goma ina wanke jesin ƙannena uku, kar ka gaya min.

Tsohon Gola: Yara, ku saurara. Shekarata 68, na kama gola a zamanin da kawun nan naku ya yi wasa, wataƙila ma ya taɓa zura min. Mu ba kofi muke buƙata ba bayan mun mutu. Abokan wasanmu nawa ke kwance ba kuɗin magani? Ku dubi Rashidi Yekini. A Kaduna aka haife shi, a kulob ɗin masaƙar UNTL ya fara, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya, a ragar Bulgeriya a 1994, ƙwallo 37 ya ci wa ƙasa. Da ya rasu a Ibadan a 2012 sai kowa ya zama masoyinsa. Gidajen da aka yi wa 'yan wasan 1994 alkawari sai a 2021 aka amince a ba su, kyaftin ɗinsu Stephen Keshi ya rasu tun 2016. Ku nemi abokan kawunku da ke raye, ku kai musu buhun shinkafa.

Ɗan Fagge: Baba, Allah ya ƙara lafiya, wannan ba mu yi tunaninsa ba. Amma kun ga yanzu shawara ta zama uku.

Ɗan Kurna: Ni tambayata, a wane fili ma za ku buga? Filin da muka taso muna wasa a unguwarmu an wayi gari an zuba bulo, yanzu shaguna ne jere. Na makarantar firamare an katange, sai ka ba maigadi na goro.

Koci Ɗan Gwammaja: Ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Yarana a kan titi suke atisaye, mota ta zo a ɗauke duwatsun raga. Filin haya mai ciyawar roba kuwa awa ɗaya sai ka yi kuka. Sannan a ce me ya sa ba a samun irin su Ahmed Musa.

Injiniya: Wasu shagunan ma 'yan kasuwa irin su marigayin ne ke saye, a yi haƙuri.

Ɗan Fagge: Kawuna bai taɓa sayen filin ƙwallo ba, Injiniya. Don Allah mai lambar mai haƙan da ya yi wa Hajiya aiki ya turo min ta akwati.

Sarkin Zolaya: Ku haƙa burtsatsen a tsakiyar fili kawai, in an tafi hutun rabin lokaci kowa ya sha.