Masu haƙar yashi sun kusa cin gindin inda ake jawo mana ruwan famfo, ina za mu kai kuka?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar masana doka da injiniyoyin ruwa.

Garinmu yana gaɓar Kogin Challawa ne. Tifofi na kwasar yashi da tsakuwa dare da rana, yanzu har sun matso kusa da bututun da ke jawo ruwa zuwa matatar ruwan famfo. Ƙasan kogin ya zurma, da rani ruwa ba ya kai bakin bututun sosai, gaɓa tana ta ruftawa. Ga laka, ga baƙin mai da ke tsiyaya daga injinan. Yashin nan kuwa shi ke tace ruwa, shi ke riƙe shi har bazara.

Mun kai kuka wani ofishi, aka ce Dokar Ma'adinai ta 2007 ta bar lasisi a hannun gwamnatin tarayya. A nan muka maƙale.

Jiha ba ta da ikon hana haƙa a kusa da mashigar ruwan sha? Tazarar mita nawa ya kamata mu nema? Kuma ta yaya za mu gano ko suna da lasisi?

Ba korarsu muke so ba, yaranmu ne ke lodin, da shi suke ci. Su gangara ƙasan kogi nesa da bututun kawai, kafin damina ta faɗi.