Wai Riruwai kufai ce?

Jikan Lebura: Salam 'yan uwa, jiya na dawo daga Riruwai wallahi raina a ɓace. Garin da kakana ya ƙarar da ƙarfinsa yana ɗaukar kwanon kuza, har ya rasu tsakiyar kansa ba gashi saboda gammo, yau ka je ka ga ƙarafan kamfani sun yi tsatsa ciyawa ta haɗiye su. Tun da farashin kuza ya karye a duniya a 1985 aka juya mana baya, an kwashe arziki an bar mana kufai.

Ɗan Doguwa: Kufai?? Malam ka iya bakinka. Kufai shi ne inda mutane suka watse sai jemagu. Riruwai ce fa hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, sakatariya na nan, ana sallar Juma'a, ana noma masara ana loda ta a mota.

Jikan Lebura: Yaya ni ba mutane nake nufi ba, wajen aikin nake nufi

Ɗan Doguwa: To ka ce wajen aiki mana. Ku da kuka koma birni sai sallah-sallah kuke leƙo mu ku zo kuna kiran gidan ubanmu kufai, ni a nan aka yanke min cibiya kuma a nan 'ya'yana suke.

Ɗan Bukuru: Ku yi haƙuri amma in ana zancen kuza Jos ake nufi, ku zo Bukuru da Barikin Ladi ku ga kududdufai, naku ai ɗan kaɗan ne.

Malamin Makaranta: A'a ɗan uwa. Tun kafin Bature ya hau Filato mutanen Riruwai ke narka kuza suna fitar da dalma sirara kamar tsinke, fatake na saye. Kuma ramin da aka haƙa a ƙarƙashin dutsen nan ba irin wankin kuza na bakin rafi ba ne.

Ɗan Bukuru: Kawo hujja malam

Malamin Makaranta: Tsofaffinmu ne hujja, je ka tambaye su

Inna: Ni dai Ririwai na taso na ji ana faɗi, wannan Riruwai ɗin daga ina?

Ɗan Doguwa: Inna duk ɗaya ne, ni kufai ɗin nan ne ya tsaya min a wuya, sai ya janye.

Jikan Lebura: Ba zan janye ba. Ka taɓa ganin tsohon da ya yi shekaru a rami ya tashi ba ko sisi? Ni na yi jinyar irinsa.

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda Riruwai gari ne mai rai kuma mun san kuza tun kafin Bature ya hau Filato, kalmar kufai kuskure ce, mu da muke zaune a garin mu muka san shi. Ɗan Bukuru bai kawo komai ba. Maganar tsofaffin leburori a bari sai wani lokaci, na rufe.