Muzuruna mai ciwon sukari ya koma yawan shan ruwa, in ƙara masa insulin?

Maman Ummi, Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da muzuru ɗan shekara 9, nauyinsa kilo 5. A asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello aka gano yana da ciwon sukari, aka ɗora shi kan insulin na dabbobi mai suna Caninsulin, yunit 2 safe da dare. Da farko ya fara samun sauƙi. Sirinjin da aka ba ni ya ƙare, na sayo wani a kemis mai murfi ruwan lemo, ina ja zuwa layin 2 kamar kullum. Yanzu ga shi ya koma shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ko'ina. In mayar da shi 4 ne? Ko maganin ne ya lalace, tunda firji kan kwana ba wuta?

Likitan dabbobi, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki ƙara komai tukuna, ɗauko sirinjin ki karanta jikinsa. Ina kyautata zaton za ki ga U-100. Caninsulin kuwa U-40 ne, wato yunit 40 a kowane mililita ɗaya, kuma sirinjinsa yawanci jan murfi gare shi. Layukan sirinji ba yunit suke aunawa ba, yawan ruwa suke aunawa. Yunit 2 na Caninsulin mililita 0.05 ne. Layin 2 a sirinjin U-100 kuwa mililita 0.02 ne kacal, kin ga abin da ke shiga jikinsa bai wuce yunit 0.8 ba, ko rabin abin da aka rubuta bai kai ba. Dole ƙishirwa ta dawo.

Mafi aminci ki nemo U-40. In bai samu ba, ana ninka yunit sau 2.5, wato 2 ya zama layin 5 a U-100. Amma ki duba, babban sirinji mai cin mililita ɗaya layukansa biyu-biyu suke tafiya, babu 5 a ciki, sai ƙaramin mai 0.3 ko 0.5. Ki je a nuna miki layin ido da ido, a rubuta miki a takarda.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne akasin wannan. Duk ranar da aka canza masa zuwa insulin na mutane, kamar Lantus, wanda U-100 ne, kika zuba shi a jan sirinji, to kin ba shi ninki biyu da rabi. Wannan na iya kisa cikin sa'o'i. Yawan sukari a hankali yake cin dabba, faɗuwarsa ce ba ta jira.

Mai harhaɗa magunguna, Tudun Wada:
Likita ya gama magana kan sirinji. Batun ajiya kuma: tsakanin digiri 2 da 8, kwalbar a tsaye cikin kwalinta, a tsakiyar firji. Ban da ƙofa, ban da jikin firiza. Jama'a zafi suke tsoro, alhali ƙanƙara ta fi ɓarna, domin wanda ya daskare ya tashi aiki ko da ya narke. In an ɗauke wuta ki rage buɗe firjin, ko ki sa kwalbar a kula da ƙanƙara, amma ki naɗe ta da tsumma kada su taɓa juna. In babu ƙanƙara, ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen zane a inuwa. Da bazara, lokacin da zafin Zariya ke doshin digiri 40 kuma iska a bushe take, tana aiki sosai. Da damina ƙarfinta na raguwa.

Caninsulin ana girgiza shi har ya zama fari bai ɗaya kamar madara, a jira kumfa ta kwanta sannan a ja. In kin ga gudaji ko farin abu manne a jikin kwalba bayan girgizawa, ki jefar. Lantus shi garau yake, ba a girgiza shi, in ya daina zama garau ya lalace. Ki rubuta ranar buɗe kwalba a kwali. Takardar ciki ta faɗi iyakar kwanakinsa, wasu 28 wasu 42.

Baban Walid:
A jiƙa masa zogale ko shuwaka mana, ai suna sauke suga.

Likitan dabbobi, Sabon Gari:
Malam, ba sa maye gurbin insulin, kuma ɗura wa kyanwa ruwa kan sa ya bi ta huhu. A bar wannan.

Ma'aikaciyar jinyar dabbobi, Kongo:
Anti, ki duba yadda kike yin allurar ma. Ki kife kwalba, ki ja, ki ɗan ƙwanƙwasa sirinjin kumfar iska ta hau sama ki fitar. A yunit 2, kumfa ɗaya na iya cinye kaso mai yawa na maganin. Ki ɗaga fatar gefen haƙarƙari da yatsu, ki soka a gindin inda ta ɗagu, ƙarƙashin fata ba cikin tsoka ba. Yau dama gobe hagu, kada wuri ɗaya ya yi tauri ya daina shan magani. Bayan kin zare ki shafa gashin. In kin ji danshi, allurar ta ɓulle ta ɗaya gefen. Kada ki sake yi, ba ki san nawa ya shiga ba, ki bari sai lokaci na gaba. Tsakanin allura da allura awa 12, misali 7 na safe da 7 na dare. Tsohuwar allura a jefa cikin gora mai murfi saboda yara.

Zuma ta zauna kusa da ke kullum. In kin ga yana tangaɗi, jiki na rawa, ido ya buɗe tar, ko ya kwanta ba ya amsa kira, sukari ya faɗi. Ki laƙato zuma da yatsa ki goga masa a dasashi, kada ki zuba komai a maƙogwaro, in ya farfaɗo ki ba shi abinci, sannan asibiti kai tsaye. Yawanci sukari ya fi yin ƙasa awa 4 zuwa 6 bayan allura.

Na'urar gwada sukari ta mutane tana yi, duk da takan nuna ƙasa kaɗan da ainihi. A ɗumama kunne da tsumma mai ɗumi, a huda bakin kunnen, ɗigo ɗaya ya isa. Ƙasa da 70 haɗari ne. In na'urarki irin mai nuna 5.5 ko 14 ce, ki ninka da 18. Gwajin gida ya fi na asibiti faɗin gaskiya, domin tsoro kaɗai kan ɗaga sukarin kyanwa. Ki riƙa rubuta lamba, lokaci, abin da ya ci da ruwan da ya sha. Da wannan littafin likita zai gyara adadi, rabin yunit ko ɗaya, kuma ba a gyarawa sai an ba adadin da yake kai kamar mako guda.

Maman Ummi, Samaru:
Na duba, wallahi U-100 ne. Allah ya saka da alheri. To abinci fa? Ragowar tuwo da shinkafa yake ci da ɗan kifi. In ya ƙi ci kuma in yi allurar?

Likitan dabbobi, Sabon Gari:
Tuwo, shinkafa da burodi ba abincin kyanwa ba ne, ita mai cin nama ce. Abincin gwangwani na kyanwa ya fi, ko dafaffen kifi da kaza har da zuciya, ba albasa ba tafarnuwa, don suna fasa musu ƙwayoyin jini. Sai dai kada ki sauya a rana ɗaya. Da zarar sitaci ya ragu, buƙatar insulin kan sauka, wasu kyanwoyin ma har sukan daina buƙatarsa, don haka yunit 2 ɗin na iya yi masa yawa nan gaba. Ki fara gyara sirinji, ki yi kwanaki kina gwaji, sannan abinci a hankali da sanin likitansa. Kada kuma kowa ya yi masa allurar deksa (dexamethasone) don ƙaiƙayi, tana harba sukari sama.

Abinci kafin allura kullum. In ya ƙi ci sam, ki gwada sukarin ki kira likita kafin ki soka, yawanci rabi ake cewa a ba shi ko a tsallake. In ƙin cin ya haɗu da amai da kasala, ko ya wuni cur bai ci ba, kada ki kwana da shi a gida, ki kai shi a duba fitsarinsa ko akwai kiton, wato gubar da ke taruwa a jiki in insulin ya yi ƙaranci.