Yaro mai wata 19 ba ya waiwayowa idan an kira sunansa: yaushe ya dace mai reno ta yi magana?

Mai Reno:
Assalamu alaikum. Ina aiki a gidan renon yara, kuma akwai wani yaro mai wata 19 a hannuna wanda lamarinsa ya tsaya mini a rai. Lafiyarsa ƙalau a ido, yana tafiya har da gudu, amma ban taɓa jin ya furta kalma ko ɗaya ba, ba ya nuna abu da yatsa, kuma sai in kira sunansa sau uku bai waiwayo ba, alhali da an buɗe ƙofa yake juyawa. Idan yana son fita, sai ya kama hannuna ya ɗora a kan mariƙin ƙofa ba tare da ya dubi fuskata ba. Abokiyar aikina ta ce kowane yaro da lokacinsa, kuma maza sun fi jinkirin magana. Ina tsoron in tayar wa iyayensa da hankali a banza, ina kuma tsoron in yi shiru lokaci ya ƙure. Ina neman shawarar masana.

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Maganar abokiyar aikinki tana da gaskiya, amma rabin gaskiyar ce, domin lokacin nan da ake cewa kowane yaro yana da nasa, yana da iyaka. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006, wanda aka yi a kan yaran Ghana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, ya nuna cewa yaro mai lafiya kan fara zama da kansa tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9, ya fara tafiya shi kaɗai tsakanin wata 8 zuwa dab da wata 18. Tazarar tana da faɗi, har ma an samu wasu ƙalilan da ba su yi rarrafe ba kwata-kwata suka miƙe suka tafi. To amma wanda ya wuce ƙarshen tazarar, ya kamata a duba shi.

Abin da kika bayyana ba na ƙafa ba ne, na mu'amala ne da harshe. A jadawalin da hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta sabunta a 2022, wanda aka gina a kan abin da aƙalla kashi 75 cikin ɗari na yara ke iya yi, ana sa ran yaro ya dubi mai kiran sunansa a wata 9, ya nuna abin da yake so da yatsa a wata 15, sannan a wata 18 ya riƙa ƙoƙarin furta kalmomi uku ko fiye ban da mama da baba. Kafin komai ki tambaya ko bakwaini ne, domin wanda aka haifa kafin lokaci ana rage masa makonnin da bai cika ba a lissafi har ya kai shekara biyu. Sannan a gwada jinsa. Jin ƙarar ƙofa ba hujja ba ce cewa yana jin magana sosai, saboda ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne yakan dusashe sautin magana alhali yaro yana jin ƙara mai ƙarfi.

Uban Biyu:
Ni ina da ja, Malama. Mai reno ba likita ba ce, kuma da zarar an liƙa wa yaro suna, da wuya ya fita daga bakin mutane. Ɗana na fari bai yi magana ba sai da ya haura shekara biyu, yanzu kuwa sai an roƙe shi ya yi shiru.

Likitan Yara:
Malam, na yarda da kai cewa ba aikin mai reno ba ne ta sanya wa lalura suna, kuma ba na son ta ambaci kalmar otizim, wato lalurar da ke shafar yadda yaro ke mu'amala da magana da mutane, a gaban iyayen. Sai dai ba za mu iya sanin wane yaro ne zai cim ma tsaransa da kansa kamar naka ba sai bayan lokacin ya wuce, kuma shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo. Idan aka duba yaron aka tarar ba komai, asarar wuni ɗaya aka yi.

Malama mai reno, abin da ke hannunki ya fi abin da ke hannuna. Ni ina ganin yaro na minti goma, yawanci yana kuka saboda tsoron allura, ke kuwa kina tare da shi yini guda yana wasa. Ki ɗauki littafi, ki yi mako biyu kina rubuta abin da idonki ya gani da kwanan wata, ba abin da kike zato ba: "Na kira sunansa sau uku daga bayansa, ɗakin shiru, bai juyo ba." Irin wannan jimla ta fi mini amfani a kan a ce yaro ba ya ji. Ki rubuta har da abin da ya iya.

Mu ma ma'aikatan lafiya da namu laifin, domin sau da yawa muna auna nauyi, mu yi rigakafi, mu sallami uwa ba tare da mun tambaye ta ko yaron yana ɗaga hannu ya yi bankwana ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a tantance kowane yaro da takardar tambayoyi a wata 9, 18 da 30, sannan a yi tantancewar otizim a wata 18 da 24. Takardar tantance otizim da aka fi sani ita ce M-CHAT-R, mai tambayoyi 20 na i ko a'a da iyaye ke amsawa, don yara masu wata 16 zuwa 30. Ba ta yanke hukunci, tana nuna wanda ke buƙatar ƙarin bincike ne kawai. Abu ɗaya ne ba a jira a kansa ko kaɗan: yaron da ya iya wani abu, kamar kalma ko murmushi ga mutane, sannan ya daina.

Mai Reno:
Na gode ƙwarai. Na yi magana da mahaifiyarsa jiya a keɓe bayan sauran iyaye sun watse. Na fara da yaba yadda yake jera murafen kwalabe da natsuwa, sannan na tambaye ta ko a gida yana amsa sunansa. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce tun yana wata 14 yake cewa "mama", amma ta kwana biyu ba ta ji ba, kuma ta rasa wanda za ta faɗa wa. Ta ce cikakken wata tara aka haife shi. Likita, ganin abin da ka ce game da yaron da ya daina abin da ya iya, shin in ci gaba da rubutun mako biyun?

Likitan Yara:
Ki ci gaba da rubutu, amma kada a jira ya cika. Su kai shi asibiti cikin wannan makon, su nemi a yi masa gwajin ji da tantancewar ci gaba a zuwa ɗaya, kuma ki ba mahaifiyar shafukan da kika riga kika rubuta ta tafi da su.