Inbata tana yanke wuta kullum da rana, na rasa gane kanta

Assalamu alaikum 'yan uwa injiniyoyi. Ina aiki a wata babbar masana'anta a nan Jubail ta ƙasar Saudiyya, sati biyu kenan wata inbata (na'urar da ke sarrafa gudun moto) mai juya moton famfon ruwan sanyaya injina, mai kilowat 75, ta hana ni sakat. Da safe lafiya lau take aiki, amma daga azahar zuwa la'asar sai ta yanke, allo ya nuna wutar da take ja ta wuce ƙima, da dare kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa yi ba.

Na wanke matatar iska, na canza fanka, na gwada rufin wayoyin moton da mega (na'urar gwajin rufin waya) babu inda yake yoyo, na ƙara lokacin tashinta daga sakan 10 zuwa 30, duk a banza. Saitin ma na duba, yana kan 60 Hz yadda wutar Saudiyya take. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne amfiya, wato yawan wutar da moton ke ja, ba ta kai abin da aka rubuta jikin moton ba kafin ta yanke. Cikin akwatin da inbatar take dai na auna digiri 52, alhali littafinta ya ce daga 40 ƙarfinta ke fara raguwa, amma ai da zafi ne kuskuren zafi ya kamata ta nuna ko? Kebul ɗin da ya haɗa ta da moton kuma ya kai mita 140 babu riyakta (na'urar da ke tausasa wutar da inbata ke fitarwa).

Mudir, wato manajanmu, ya matsa sai na kawo rahoto ranar Lahadi. Don Allah wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan, zafi kaɗai yana iya jawo wannan kuskuren ko kebul ɗin zan bi?