Ina so mu gina tashar Ƙaura a kan tebur, wa ya san kan abin?

Malamin_Fasaha_KN:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Ni malami ne a nan Ƙaura Namoda, ina koyar da ƴan ƙaramar sakandare, kuma kwanan nan na faɗa kallon bidiyon mutanen nan masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa a YouTube, ba na yara ba fa wanda ake ja da zare, a'a, wanda za ka ga dattijo da furfurarsa ya gina gari guda a kan tebur, da tasha da gada da sigina, jirgi na yawo da wutar lantarki. A Ingila da Jamus har ƙungiyoyi gare su, suna da ɗakin da suke haɗuwa da yamma, kowa da abin da ya iya, in shekara ta zagayo su kama babban zaure su baje kolin abin da suka yi mutane su biya kuɗi su shiga kallo. Akwai ma wani a birnin Hambug na Jamus, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, dogon da suka shimfiɗa a wurin ya wuce kilomita 16.

To sai na ce mu fa a nan dogo ya ƙare, tun 1929 layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a garin nan, amma cikin ɗalibaina da yawa ba su taɓa ganin jirgi na tafiya a kansa ba, sai dai su tsallaka shi in za su kasuwa. Ina so ni da su mu gina tashar tamu ƙarama mu nuna wa iyaye ranar bikin ƙarshen shekara. Tambayata: wane girma ya kamata mu yi? Me ya zama dole a saya, me za mu iya ƙerawa da hannu? Kuma akwai mai irin wannan sha'awar a Gusau ko kusa mu haɗa kai? Kuɗin dai ba wani mai yawa ba ne, albashin malami ne.

Injiniya_Tudun_Wada:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya ka fara yanke maganar sikeli, wato sau nawa za a rage girman komai, don nan ne mutane ke asarar kuɗi.

Wanda ya fi yawa a duniya shi ne HO, wato an rage komai sau 87, faɗin dogonsa milimita 16.5. Turawan Ingila nasu OO ne, sau 76, amma dogon iri ɗaya suke hawa da HO. Sai N, sau 160, dogo milimita 9, shi kam ko a kan tsohuwar ƙofa za ka shimfiɗa shi, sai dai ƙanƙanta ta yi yawa ga hannun yara, mutum a cikinsa santimita ɗaya ne da ɗan kai.

Amma ga inda gizo ke saƙar. HO an auna shi ne da babban dogo mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Naku na Ƙaura ba shi ba ne, tsohon dogo ne mai ƙafa uku da inci shida, milimita 1,067, irin na Legas zuwa Kano. In ka raba 1,067 da 87 za ka samu 12 da ɗan kai, ke nan in za ka yi HO na gaskiya sai ka nemo dogo mai milimita 12, akwai shi amma samunsa wahala kuma tsada. Dabarar da ƴan Niyuzilan suka daɗe suna yi, tunda su ma dogonsu irin namu ne, ita ce su ɗauki dogon nan mai arha na 16.5 su gina jikin jirgi da gidaje a kan sau 64. Lissafa ka gani, 1,067 raba 64 ya ba ka 16.7, kusan daidai. Ni shi nake ba ka shawara. Komai zai fito da ɗan girma, ƙofa mai mita biyu za ta zama santimita uku, babban mutum ya kusa kai hakan, yaro zai iya yankawa da reza ba tare da ya yi kuka ba. Kuma ƴan motocin ƙarfen nan na wasa irin su Hot Wheels galibi kusan sau 64 ne, sai ka samu na ajiyewa a bakin tasha.

Abin saye uku ne kawai a ganina: dogo, da makarkata biyu ko uku inda jirgi ke sauya layi, da kan jirgi ɗaya na hannu, ko jikinsa ya fashe ba komai tunda injin da ƙafafun kake so, jiki kai za ka gina da kwali ko roba. Hornby ko Bachmann duk za su yi. Ka kiyayi Märklin na HO, kaya ne masu kyau amma tsarin wutarsu daban ne, ba sa tafiya a kan dogon sauran.

Sa'ar da ka yi ita ce Ƙaura ƙarshen layi ce, ba ka bukatar da'ira. Da'irar HO ita ke cin wuri, sai ka nemi katako mai ƙafa huɗu da takwas. Kai kuwa doguwar kanta za ka yi a jikin bango, faɗin kamu biyu, jirgi ya fito daga bayan labule kamar daga Gusau yake, ya shigo tasha, kan ya rabu da taragai ya zagaya ta layin gefe ya koma ɗaya ƙarshen ya ja su ya fita. Wannan zagayen kaɗai ya isa ya tsayar da mutane suna kallo. Kar ka ce sai ka auna tsawon tashar duka ka rage, mita 300 a sikelin nan ya kusa mita biyar, kowa matsewa yake yi.

Ɗan_Reluwe:

Malam sannu da ƙoƙari, wagga magana ta taɓa ni ƙwarai. Tsohona aikin reluwe ya yi hat ya aje, a kwatas munka tashi. In kana son abin ya yi kama da tashar dauri to kada ka tsaya ga ginin kaɗai, tasha ba gini ba ta, kaya na da mutane. Abin da ya sa Turawa sunka jawo dogo hat nan ai gyaɗa ta da auduga da fatu, ba don su kai mu yawo ba. Lokacin kaka za ka ishe buhuna jibge bakin tasha, ƴan dako na ta hawa da sauka bisa katako, ga jakkai da raƙumma da sunka kawo kaya daga ƙauyuka hat daga wajen Shinkafi da Zurmi, ga masu tuwo da masu rake da hura. In ka yi tasha fes ba ko buhu guda, tsohon da ya san wurin zai duba ya ce wanga ba Ƙaura ba ta.

Kuma in jirgin hayaƙi za ku yi, sai da tankin ruwa bisa ƙafafu da wurin zuba kwal, kwal ɗin daga Inugu aka kawo shi. Tsohona kullum zancenai kawunan nan da anka sa ma sunayen koguna, waɗanda anka kawo daga Ingila bayan yaƙin duniya na biyu. Shi ya hwaɗa min wahalar ba ta direba ba ta, ta mai zuba kwal ta, tsaye gaban wuta da shebur cikin zahin bazara. Daga baya na dizal sunka amshe.

Shawarata ka ɗauki ɗiyan nan ka kai su wurin tsohin ma'aikata tun suna da rai, akwai su Ƙaura akwai su Gusau, suna zaune ƙohwar gida ba mai tambayassu komi. Ka tahi da takarda da biro, su zana maka inda kowane layi ya bi, ina aka juya kan jirgi, ina sito yake, ina aka auna kaya. Wani ma za ka ishe shina da tsohuwar fitilar hannu ko hula ko usur a cikin adaka. Ni ina da hotuna biyu na tsoho da kakinai, in kana so in turo.

Abu guda, kada ku tahi tasha da tef kuna aune-aune da ɗaukar hoto ba ku gaida ma'aikatan wurin ba. Yanzu da ɓarayin ƙarhe sunka addabi dogo ko'ina, ga kuma halin tsaro da muke ciki, wanda duk anka gani yana auna dogo sai an tambaye shi. Ka tahi da takardar makaranta.

Bakabe_BK:

Hhhh ku dai ƴan Zamfara kuna da abin tunawa. Mu a Kebbi ko taku ɗaya na dogo ba a taɓa shimfiɗa mana ba, haka Sakkwato, tun zamanin Turawa ake cewa za a ƙaraso har yau shiru, ga shi har an fara na Kano zuwa Maraɗi a 2021 zai tsallaka wata ƙasa mu muna nan. Duk shinkafar Argungu da albasar Aliero a bayan tirela suke fita.

Amma Malam tsakani da Allah, a wannan tsadar, ka sayo jirgin wasa da dala? Ba gara ka saya wa yaran littattafai ba? Mu da muna yara motar kara da ta langa-langa muka yi kuma ba wanda ya kashe sisi.

Maman_Ilham:

Bakabe ai maganarka ita ce amsar, wanda ya iya motar kara ya riga ya iya rabin aikin. Ni ma koyarwa nake a Gusau, mun taɓa gina unguwa da kwali da ƴan aji na, ba jirgi a ciki amma abin da na gani shi ne yaron da lissafin kaso ke ba shi wuya a allo, da ka ce masa auno tagar ajin nan ka raba da 64 ka yanka min ita, sai ka ga ya zauna ya yi. To wannan ba littafi ba ne?

Malam ga abin da ya yi mana aiki. Ƙasa kar ka yi fenti, ka debo jar ƙasar wurin ta gaske ka tankaɗe da rariya, ka dama farin gam na kafintoci da ruwa ka shafa ka barbaɗa, in ta bushe ba ta zuba kuma launin ba wanda zai yi maka gardama. Rufin kwano kuwa takardar alminiyam ɗin nan ta naɗe abinci, ka ɗora ta a kan matsefi mai ƙananan haƙora ka bi da tsinke layi-layi, sai ga kwano da ƙwaryarsa, ka ɗan shafa ruwan ƙasa-ƙasa ya zama mai tsatsa. Itace da wayar tsohon kebur ake murɗawa, a manna soso a yi masa kore, dogon yaro ke nan, kuka kuma ka ƙara kaurin gindi ka rage ganye. Totuwar kara tana yankuwa yadda kake so, ta yi buhuna ta yi katanga. Ka sa ƴan mata a ciki dan Allah, a wajen aikin da ke son natsuwa sun fi mazan haƙuri, ni na gani.

Ranar nunin ka ɗaura igiya tsakanin tebur da mutane, don wallahi manya sun fi yara kai hannu.

Injiniya_Tudun_Wada:

Hajiya ta gama magana. Bari in ƙara ta wuta tunda ita ce za ta ba ka ciwon kai. Waɗannan jiragen bolt 12 suke ci, ta cikin dogon wutar ke bi ta shiga ƙafafu, saboda haka batirin babur ko na sola ya wadatar, ba ruwanka da an kawo ko an ɗauke. Ka nemi ɗan abin rage gudun ƙaramin inji na bolt 12 wajen masu kayan lantarki, da makunni mai juya waya don gaba da baya. Babban abokin gabarka ƙura ce, in hunturu ya shigo kwana ɗaya ya isa jirgi ya riƙa tsayawa yana fizga. A goge saman dogon da tsumma da ɗan sifirit, ban da sanfefa, tana karce shi datti ya ƙara kamawa, kuma a rufe da leda ko zani duk lokacin da aka tashi. In ka gaji da shara, akwai masu sa batirin a cikin tarago na farko su haɗa shi da injin kai tsaye, dogo ya zama hanya kawai. Wajen haɗa dogo da dogo ka bar ɗan tsaga kamar kaurin kati, ƙarfe na miƙewa da zafi, na gaske ma haka ake bar masa. Katakon kuma a shafa masa maganin gara, a yi shi gida biyu ko uku da za a iya ɗauka a Keke Napep.

Maganar ƙungiya, ni ina ciki. Mutum uku ma sun isa a fara. In wani cikinku ya je Legas ya leƙa Jaekel House a unguwar reluwe ta Ebute Metta, tsohon gida ne na 1898 da aka mayar ɗan gidan tarihi, akwai tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgi, za su taimaka wajen siffar taragai.

Malamin_Fasaha_KN:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Sau 64 ɗin za mu yi. Bakabe ka kwantar da hankalinka, wannan zangon ba za mu sayi komai ba, gini da ƙasa da itatuwa za mu fara, taragai na kwali mu tura da hannu, in shugaban makaranta da iyaye sun gani sun yaba sai a yi karo-karo a sayo dogo da kai. Ɗan_Reluwe dan Allah turo hotunan, kuma in akwai dattijon da ka sani a nan Ƙaura da zai yarda mu je gaishe shi da yara ranar Asabar ka yi min magana ta akwatin sirri. Injiniya, makarkatan nan na hannun dama zan nema ko na hagu, ko sai mun zana taswirar tukuna?